Ɗanlami da Na'urar da Ke Amsa Kowa

Ɗanlami mai rediyo bai taɓa ƙarasa gaisuwa da kowa ba. A ƙasar da mutum kan tsaya ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da gona da zafi, sannan ya dawo ya sake tambayar gajiya, shi da ka ce masa ina kwana sai ya ce, "Lahiya. Mi ya lalace?" hannunsa a miƙe yana jiran abin da ka kawo gyara. Dattawan Talata Mafara sun daɗe da sallama shi. Shi ma ya daɗe da yanke musu hukunci. A wurinsa mutane ne da za su iya tsufa a bakin ƙofa suna tambayar juna gajiyar da ba su yi ba.

A Birnin Tudu aka haife shi. Da wayonsa ruwan dam ɗin Bakolori ya fara bin magudanan siminti zuwa gonaki. Gonar mahaifinsa a wutsiyar magudana take, can inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. A lokacin akwai wani mai buɗe ƙofofin ruwa, Manu, da ke zagaye a kan keke. Ya buɗe wannan, ya gaisa, ya rufe waccan, ya gaisa. In ka iso bakin ƙofarku ka tarar ya wuce, to sai ka zauna ka jira ya gama zagayen ƙasa ya dawo, ko da alkamarka na bushewa a gaban idonka. Ɗanlami ya girma yana kallon ƙeyar Manu tana nisa. Wasu yaran da suka tashi a haka sun koyi haƙuri. Shi raini ya koya. Ya raina keke, ya raina jira, ya raina duk wanda ya taɓa ce masa "bari in gama."

Da ya tasa ya koma Mafara ya koyi gyaran rediyo. Rediyo ta ja baya, ya koma wayar hannu. Waya ta cika gari da masu gyara, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya zauna a kanta har ya iya rubuta mata umarni. Kai kam yana da shi, ba mai ƙwace masa wannan. Abin da ba shi da shi, ƙarshe. Ka leƙa shagonsa ka gani. Duk wanda ya yi sallama, Ɗanlami zai ajiye abin da ke hannunsa ya karɓi nasa nan take, ya kwance kusoshi, ya buɗe ciki. Kafin ya gano ciwon wani ya yi sallama, sai ya ture wannan ya buɗe wancan. Teburinsa kamar mahauta, rediyoyi da wayoyi kwance da hanji a waje. Ba wanda ya taɓa jira a ƙofarsa. Kowa a gida yake jira, wata da watanni. Shi kuwa in ya tashi yabon kansa, abin da yake faɗi ke nan: "Ni ba a kira na sau biyu."

Shekarar da aka yi wa magudanai kwaskwarima, ƙungiyar manoman wutsiya ta samu tallafin kaya: faranti mai ɗaukar hasken rana, batir, ƙaramin inji mai juya ƙofar ruwa, da wata kwamfuta da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Sai ƙwallayen roba da za a sa su yi iyo a kan ruwa, kowace da wayarta, su riƙa gaya wa kwamfutar inda ruwa ya kai. Shugaban ƙungiyar, Malam Sallau, ya rasa wanda zai haɗa. Sai ya kira mutum biyu. Ya kira Ɗanlami saboda ɗan gida ne. Ya kira Esther saboda ita ta karanci abin. Esther ɗiyar Philip ce, direban katafila da ya zo aikin dam tun yana saurayi ya ƙi komawa. A Mafara aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari tsami. Sallau ya ce su yi aiki tare. Ɗanlami ya fahimci an ba shi mai riƙe masa sukuddireba.

Matsalar da suka tarar ƙarama ce a baki. A can cikin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai wani sashe da yake kamar zuciyarta, shi ke yanke wane aiki za a yi yanzu, wane zai jira. Ita wannan 'yar na'ura kai ɗaya gare ta, aiki ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Ga sauraron ƙwallaye, ga lissafin ruwa, ga juya ƙofa. Manoma kuwa buƙatarsu guda ce: daga lokacin da ruwa ya kai iyaka zuwa lokacin da ƙofa za ta motsa, kada a daɗe.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da ƙofar ruwan aka yi zaman. Esther ce ta fara, bayan ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, Ɗanlami yana kallon sama yana kaɗa ƙafa.

"Baba Sallau, hanya ukku ta," in ji ta. "Ta hwarko, na'ura ta riƙa zagaye. Ta duba wagga ƙwallo, ta duba waccan, ta juya ƙofa in da buƙata, ta huta kaɗan, ta sake. In ruwa ya tashi bayan ta wuce, sai ta dawo za ta gani. Akwai jinkiri, amma kun san iyakarshi."

"Manu ke nan," in ji Ɗanlami. "Manu ya mutu, an tono shi an sa cikin akwati. Saura keke."

Manoma suka yi dariya, don duk sun ci wuyar Manu. Esther ta bari suka gama.

"Ta biyu, kada ta huta sam. Ta kahe ma ruwa ido, ba ƙihtawa. Wagga akwai sauri. Amma batir take ci. Rana ɗaya hadari ya rufe, kun tashi da mataccen akwati."

"A'a, a bar wagga," in ji Sallau. "Ta ukku hwa?"

"Ta ukku, ta yi kwance abinta. Ƙwallo in ta motsa ta ƙwanƙwasa mata, ita kuma ta bar duk abin da take yi ta amsa. Ta hi sauri, kuma ba ta cin batir."

"To, ɗiyata, mi munka zauna yi? Ai an gama."

"Da sauran magana, Baba. Duk amsawa tana da wahalarta. Sai ta aje aikin da ke hannunta, ta riƙe inda ta tsaya, ta amsa, ta dawo ta ɗauka. In mai ƙwanƙwasawa ɗaya na, ba komi. In sunka yi yawa, amsawa za ta cinye aikin. Shi ya sa ni shawarata a haɗa. Ta amsa bugun hwarko, sannan ta toshe kunne ɗan lokaci, ta gama da ƙofa, in ya so ta tattara sauran ta duba su gaba ɗaya."

Ɗanlami ya miƙe a hankali, irin miƙewar wanda aka zagi uwarsa.

"Kun ji ko? Toshe kunne. Abin da anka tura ta makaranta ta koyo ke nan. Ruwa na kira, ita ta toshe kunne. Ke ɗiyar Philip, ubanki da katahwila ya zo garin ga, ita ma tahiyar hawainiya gare ta, ban ga laihinki ba. Amma mu 'yan wutsiya, an toshe muna kunne tun kahin a haihe ki."

"Kawu Ɗanlami, ɗan lokacin da nike hwaɗi bai kai ka sha ruwa ka aje moɗa ba."

"Haka Manu ma ya ka cewa."

Sallau ya ce a gwada a gani. Aka fara da tsarin Esther. Ta danna ƙwallo da kara, ƙofa ta motsa. Ta sake dannawa nan da nan, sai shiru. Shirun bai daɗe ba, amma ya isa Sallau ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi ƙasa. Sannan ƙofa ta motsa. Aka sa tsarin Ɗanlami. Kara bai gama taɓa ƙwallo ba inji ya yi ƙara. Ya sake, ya yi ƙara. Ya juya wa ƙofar baya, ya miƙa karan ta ƙarƙashin hammata ya taɓa, inji ya amsa. Wani tsoho ya yi kabbara. Da wannan rawar aka yanke shawarar ruwan gonaki.

Esther ta roƙi abu ɗaya, a sa iyaka ga yawan bugun da na'ura za ta amsa a jere. Ɗanlami ya ce to, a gaban mutane. Da ta tafi ya cire. Bai tsaya nan ba, ya ɗora amsa ƙwallaye a saman kowane aiki, har da juya ƙofar kanta. Hujjarsa, wai yaya za ka yi aiki ba ka ji kira ba.

A yi masa adalci, abin ya yi aiki. Makonni ruwa na zuwa kan kari yana tsayawa kan kari, batir cike, manoman wutsiya suna barci da minshari. Ɗanlami ya sake hula. In ya bi ta bakin magudana a kan babur, ɗaga yatsa ɗaya yake yi, wannan ita ce gaisuwar.

A cikin wannan tashe ne ya je wa yayarsa Taiba. Taiba ita ta goye shi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da 'yar gonar da suka gada a wutsiya, albasa take yi. Irinta ba na kasuwa ba ne. Ita ke zaɓen manyan kawuna daga amfanin bara, ta sake binne su har su yi fure, ta girbe irin, ta shanya, ta ɗaure a tsumma. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne noman shekararta gaba ɗaya, ba ta da wani a ajiye. Ta saba yafa shi a fangali can kan tudu, ta riƙa ɗebo ruwa da bokiti har ya isa dashe.

"Yaya, wagga wahala ta mi?" in ji shi. "Ga ƙofa mai hankali, kina ɗaukar bokiti kamar zamanin jahiliyya. Sauko da irin ƙarƙashin ƙofa. Ruwa zai zo miki kahin ki ruhe baki."

"In ya zo, zai tsaya?"

"Ni na haɗa ta."

"Shi ya sa na tambaya. Rediyon marigayi na wurinka tun yana da rai."

"Rediyo daban, kimiyya daban."

Bayanta na ciwo a shekarar, kuma duk wutsiya na yabon ƙofar. Ta sauko da fangalinta daf da bakin ruwa, ta yafa irin duka. Ya tsiro kore shar, siriri kamar gashin jariri. Saura kaɗan ya isa dashe.

Ranar wata Talata, kasuwa ta cika ta batse. Da azahar ƙofa ta buɗe tana ba ɓangaren su Taiba ruwa kamar kullum. Sai ga garken shanu da aka koro daga wajen Maradun za a kai kara, kasuwar dabbobi, ƙishirwa ta kama su, suka gangara bakin magudana. Suka tsoma baki, wasu suka tsoma ƙafa, na baya na tura na gaba. Ruwan da ya saba tafiya lumui ya shiga tangaɗi. Ƙwallayen roba suka kama rawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kowane motsi bugu ne a ƙofar na'ura. Ita kuwa baiwar Allah, yadda maigidanta ya hore ta haka ta yi. Ta amsa wannan, kafin ta juya wani ya buga, ta amsa. Ruwa ya kai iyaka. Umarnin rufe ƙofa ya fito, ya tsaya a layi yana jiran a gama amsawa. Ba a gama ba.

Ɗanlami yana shago, mutane sun yi masa rumfa, wayarsa ta yi ƙara. Bugu ɗaya ya ɗauka. Taiba ce.

"Ɗanlami, ƙofarka ba ta ruhe ba! Ruwa ya hau kunya!"

"Ba ta yiwuwa. Ga ni nan tahe."

Ya miƙa hannu zai ɗauki makullin babur, wani bafatake ya yi sallama da waya da ta faɗa cikin kunu. Ai ba za a ce mutum ya tsaya a ƙofar Ɗanlami ba a kula shi ba. Ya karɓa, ya ɓalle murfin, ya hura. Wayarsa ta sake ƙara, mai kayan gyara ne daga Gusau yana tambayar irin batirin da zai aiko. Ya amsa. Wata yarinya ta ce a saka mata waƙoƙi. Ya jona. Ya tuna makulli, ya ɗauka, sai ga Taiba kuma.

"Kana ina?"

"Yaya, kin ga bugu ɗaya na ɗauka. Ina bisa hanya."

"Ina jin kasuwa bayanka!"

"Hanyar ta cikin kasuwa ta bi."

A ransa ma haushinta yake ji. Mutanen ƙauye, ruwa ya ɗan taɓa kunya sai kururuwa. Na'urar da ke amsawa kafin kara ya taɓa ƙwallo, ita ce za ta manta da ƙofa? Ya ajiye makulli don ya ba bafatake murfin wayarsa, wani ya yi sallama.

La'asar ta yi sanyi kafin ya isa. Shanu sun ƙara yawa, don wani garken ya biyo sawu. Esther ya fara hangowa, zanenta jiƙe har gwiwa, tana tsaye kusa da akwatin da wayoyin ƙwallaye a hannunta. Taiba ce ta kira ta da ta gaji da jiran Ɗanlami, ita kuma ta hau kabu-kabu ta zo. Ba ta yi wata dabara ba. Ta tarar da 'yar fitilar na'urar tana ƙyaftawa kamar mai farfaɗiya, ta dubi ƙwallaye suna tsalle, ta fizge wayoyinsu. Da bugu ya ɗauke, na'ura ta waiwayi layi, ta ga umarnin da ke tsaye tun azahar, ta rufe ƙofa salin alin.

Inda fangali yake, tabo ne shimfiɗe. Ruwa ya fasa kunya ya bi ta kai, ya kwashe ƙasa da irin, ya kai su kwari ya zube. Taiba na durƙushe a ciki tana tsinto abin da ya maƙale a jikin ciyawa, silli ɗaya ɗaya, tana jerawa a gefen zanenta. Sallau da wasu manoma na tsaye a gefe.

Ɗanlami ya kafe babur. Bai dubi yayarsa ba, akwatin ya nufa.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min wayoyi?"

"Kawu, ka cire iyakar da munka yi da kai."

"Iyaka ta raggaye ta. Ki hwaɗa ma mutane gaskiya, akwai kira ɗaya da na'urar ga ta ƙi amsawa?"

Esther ta dube shi. "Babu."

"Kun ji! Babu! Ko ɗaya!" Ya juya ga manoma yana buɗe hannu. "Shanu sunka taru kanta, garke biyu, ba ta bar kowa ya kira sau biyu ba. Laihin na wanda ya koro shanu na. Da na wanda ya sayo muna akwati mai kai ɗaya kamar na sabulu. A ba ni mai kai huɗu ku ga aiki."

"Mai kai huɗu ma, in ka ce duk su amsa ƙofa, haka za a yi," in ji Esther. "Sai dai a ƙara shanu."

Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya haɗiye.

Taiba ta taso da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da bakin zane. Ta zo gabansa ta buɗe. Abin da ta tsinto bai cika tafi biyu ba.

"Ɗanlami, ta amsa ma kowa?"

"Kowa, Yaya. Wallahi kowa."

"Madalla. Kai ma ka amsa min. Sau biyu." Ta ninke bakin zanen a kan irin. "Matsa, kana taka min na ƙasa."

Washegari ƙungiya ta ce Esther ta mayar da nata tsarin. Ƙofa ta koma jinkirinta na ɗan lokaci, manoma suka koma gunaguni, don mutum ba ya manta saurin da ya taɓa ɗanɗana. Akwai ma ranar da ruwa ya ɗan zarce iyaka a cikin wannan toshe kunnen, ya jiƙa wa wani takin da ya ajiye a bakin kunya. Ɗanlami ya yi sati yana ba da labarin a shago, kowane mai sallama sai ya ji, yana ƙara wa buhun takin girma.

Taiba kuwa ta bi maƙwabta gona gona neman irin dashe. Abin da aka ba ta shi ne rarar da kowa ya tsame, sirara masu rawaya, waɗanda da zubarwa za a yi. Da su da tafi biyun da ta tsinto ta dasa abin da bai kai rabin gonar ba. Sauran ta bar shi fili, ƙasa tsirara tana kallon hanya. Irin da ta yi shekaru tana zaɓe ya tafi kwari, sai ta faro daga farko.

Ta sa 'ya'yanta suka ɗaga kunya mai kauri tsakanin gonarta da bakin ƙofar, suka bar 'yar kafa guda. In tana son ruwa ta sare kafar da fartanya, in ya isa ta toshe da laka, tana tsaye a kai da ciwon bayanta. Esther ta zo ta ce mata yanzu ba sai ta yi haka ba, ƙofa za ta rufe. Taiba ta yi mata godiya, ta ba ta yakuwa, ba ta rushe kunyar ba.

Ɗanlami ya biyo ta wurin wata safiya, ya tsayar da babur bai kashe ba, ya dubi kunyar, ya dubi fartanya, ya girgiza kai don tausayin jahilci.

"Yaya, wanga ai ci baya na. Duniya na gaba kina toshe ruwa da laka."

Ba ta ɗago ba. Ta kwaso laka da hannu biyu ta manna a kafar, ta danna da dunduniya har ruwan ya tsaya.

"Laka ba ta amsa ma kowa," in ji ta. "Ga shi ta ruhe."